Fedar Kekena da Gem ɗin Yaya

Ni tela ce. Abaya nake ɗinkawa da zannuwan gado a ɗakin tsakiya na gidanmu da ke unguwar Waziriyya a Jidda, kuma ban taɓa riƙe abin wasan gem da niyyar yin wasa ba. Amma har yau in na bi ta shagunan unguwar Sharafiyya na ga akwatunan gem jere a bayan gilashi, raina yakan ɓaci, in kau da kai kamar na ga wanda muka yi faɗa da shi.

Da muna yara ba haka abin yake ba. Gem ɗin lokacin na kaset ne, kuma kowace masana'anta tana yin nata. Na gidanmu ja ne da fari, na gidan da ke kallonmu baƙi ne, sunansu ma ba ɗaya ba, amma kaset ɗaya ke zagaya layin gaba ɗaya. Abin da ake riƙewa a danna, wanda mu a Jidda muke ce wa yad, in naku ya karye sai a ciro na maƙwabta a soka, ya hau aiki. Ba wanda ya taɓa tambayar daga wane kamfani ya fito. A kan irin wannan gem ɗin yayana ya girma, kuma bai bar wasan ba har ya yi furfura.

Yaya direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga sito-sito na unguwar Khumra yana rarrabawa cikin gari. Kwana shida yana kan titi. Ranar Juma'a bayan la'asar kuwa ba mai ganinsa a waje, yana falo gaban talabijin shi da amininsa, wani mutumin Nijar da ke zaune a benen da ke manne da namu, suna buga ƙwallon gem. Ba su san sassauci ba. In ɗaya ya samu ɗaya a ƙasa sai ya yi ta zura masa ƙwallo har a tashi, sannan ya bi shi da tsiya har bakin ƙofa. Ina bayan labule a kan kekena ina jinsu, manyan mutane masu iyali suna musu a kan wa ya fi iya danna roba. Innarmu takan ce in rufe musu ƙofa, ni kuwa nakan bar ta a buɗe don tsiyar tasu na rage min tsawon ɗinki.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Yaya, da rana tsaka, yana ɗaure kaya a bayan mota. Aminin nan ne ya baro aikinsa ya kai shi asibiti, shi ya yi ta zirga-zirga tsakanin likitoci da kafili, wato ubangidan da ya tsaya wa Yaya a ƙasar, har aka daidaita maganar iƙama, takardar izinin zama, matarsa kuma ita ta riƙa aiko mana da abinci duk tsawon jinyar. Yaya ya dawo gida da ransa, mun gode Allah. Ƙafafunsa sun dawo a hankali, maganarsa ta yi nauyi amma ana ganewa. Hannun dama ne ya ƙi. Yana nan rataye, sai dai a ɗauka a ajiye masa a cinya.

Abin da ya fi ciwon ci masa rai shi ne yadda mutane suka koma yi masa magana. Kowa ya shigo sai ya rage murya, ya karkatar da kai, ya yi ta jero sannu. Mutumin da a da in ya shiga taro shi ke da bakin magana, yanzu ana yi masa irin muryar da ake yi wa jariri. Ni ma ban tsira ba. In na miƙa hannu zan kama shi ya tashi, sai ya ture ni da kafaɗa, ya dafa bango, ya ja jiki shi kaɗai ko da zai ɗauki rabin yini kafin ya kai banɗaki. Bai taɓa yarda wani ya kama shi ba, ko Inna.

Wata rana na leƙo na same shi ya kunna gem shi kaɗai, ya ɗora yad a gwiwa yana ƙoƙarin kai yatsun hagu ɓangaren dama. Kafin ya kai, an ƙwace ƙwallon. Ya sake, aka sake ƙwacewa. Da ya ga ina kallo sai ya kashe, ya ce dama dubawa yake ko na'urar tana da rai. Na koma kan kekena, ƙafata a kan feda, hannayena biyu suna kan yadi. A nan tunanin ya zo min. Ni ma ai ba da hannu nake tuƙa keken nan ba.

Akwai wani mai gyaran kayan lantarki a Sharafiyya, Bahaushen Chadi, shagonsa ɗan lungu ne tsakanin mai sayar da waya da mai ful da tamis, wato wake da burodi. Na ɗauki fedar tsohon kekena na wuta, na zuba a jaka tare da yad ɗin Yaya, na je na zazzage masa a kan tebur. Ya saurare ni har na gama, ya juya fedar, ya taka ta da tafin hannu.

"Hajiya, fikirar tana da kyau," ya ce. "Amma wannan yad ɗin na asali ba ya son a taɓa shi. Cikinsa wata 'yar leda ce siririya, dalma ba ta kama ta. Akwai wani allo da wasu masana'antu ke yi, shi yana karɓar kowace waya. Da shi zan haɗa miki."

"To Mu'allim, me ya hana?"

"Ba abin da ya hana yau. Mushkilar ita ce masu jihaz ɗin, wato na'urar gem ɗin, ba su ba su izini ba. Muddin jihaz bai hau intanet ba, lafiya lau. Ranar da ya hau ya yi tahadis, wato ya sabunta kansa, zai iya rufe ƙofa. In ya rufe, halas, ba ni ba, ba kowa ba."

Na ce in dai wannan ne, da sauƙi. Mu da faifan ƙwallo ɗaya ya ishe mu shekara da shekaru, me zai kai mu intanet?

Abin da ya haɗa ba shi da kyan gani. Akwatin katako ne kamar na ajiye zare, sandar juyawa a gefen hagu, manyan maɓallai a kusa da ita inda yatsu za su kai, sai waya ta sauka ƙasa zuwa fedata. Ya ƙaro feda ta biyu daga wani mataccen keke. Ƙafar dama ta buga ƙwallo, ta hagu ta miƙa wa ɗan wasa. Da na kawo gida Yaya ya daɗe yana kallonsa, ya ce shi ba tela ba ne. Na ce to a mayar. Ya ce in ajiye tukuna, kada kuɗin mota ya tafi a banza. Washegari tun da hantsi na ji ƙarar feda daga falo, kuma ba tawa ba ce.

Juma'ar farko aminin ya lallasa shi ba tausayi. Ina bayan labule zuciyata na tafasa, ina cewa a raina wannan wane irin mutum ne, bai ga halin da ake ciki ba? Da aka tashi ya tsaya a bakin ƙofa yana saka takalmi, ya ce, "Ya akhi, da hannu biyu ma ba ka iya ba, yanzu ka koma ɗinki. Bon, Juma'a mai zuwa ka ɗinka min jallabiya." Sai na ji Yaya ya yi dariya, irin ta da, har da tari. Tun da ya kwanta ban ji ta ba. A ranar na gane cewa ni ce ban fahimci abin da yake bukata ba.

Bayan 'yan watanni Yaya ya fara cin wasa, ci na gaske, da gumi. Ƙafar direba ce, ta san taka abu da lissafi. Ranar da ya fara cinye aminin, da kansa ya raka shi har matakala yana dafe da bango, yana ja masa tsiya da harshensa mai nauyi, kalma ɗaya-ɗaya, aminin kuma ya tsaya ya jira kowace kalma ta fito sannan ya rama. Ranar Juma'a ta koma ranar da Yaya ke aske gemu ya sa turare.

Haka muke har azumi ya zo. Dangin matar aminin suka zo Umara daga gida, suka sauka a wurinsu da yara, za su zauna har bayan Sallah. Ana saura kwana kaɗan Sallah ya shigo ya ce yaran sun hana kowa sakat, ko za a ara masa na'urar su yi hutun Sallah da ita, tunda shi yana da nasa yad ɗin. Yaya ya ce ya ɗauka tun bai rufe baki ba. Na fito daga bayan labule da sauri ina cewa akwai magana ɗaya, sai Yaya ya kalle ni. Na san kallon, na haɗiye maganata.

Da mutumin ya fita da na'urar a hammata, na ce, "Yaya, kalma ɗaya ce fa. Kada a haɗa ta da intanet. Shi ke nan."

"A'a."

"Don me?"

"Shi ya ɗauke ni daga ƙasa," ya ce. "In ba shi aro, in kafa masa sharaɗi?"

Inna ma ta goyi bayansa. A wurinmu in ka ba mutum aron abu ka bi shi da kada ka yi kaza, kamar ka ce masa ba ka yarda da hankalinsa ba ne. Ga baƙo ma da nauyi, balle wanda ya yi maka abin da ɗan'uwa bai yi ba. Na ce to ni zan gaya wa matarsa, mace da mace, a cikin hira. Yaya ya ce in na yi, zai ji, kuma ba zai ji daɗi ba. Na koma na zauna a kan keke ina ɗinkin Sallar mutane, ina huce haushina a kan yadin da bai yi min komai ba.

Akwai wata al'adar kuma da ban kawo a raina ba. Mu ba ma mayar da abin aro yadda muka karɓe shi. In an kawo miki abinci a kwano, ba kya mayar da kwanon haka nan, sai kin sa wani abu a ciki, ko dabino ne. In kin ari tukunya sai kin goge ta ta fi yadda ta zo. Aminin Yaya mutum ne mai cika irin wannan. Bayan Sallah ya dawo da na'urar a cikin sabuwar jaka, an goge ta tana ƙyalli, har ƙurar da ke cikin ramukan iska an busa.

"Ƙanwata, kun bar jihaz ɗin nan a baya kamar mutanen ƙauye," ya ce min yana murmushi. "Na haɗa shi da intanet ɗin gidana, ya kwana yana tahadis. Yanzu komai nasa sabo ne. Wannan ne tukuicina."

Na ji kamar an zuba min ruwan sanyi. Yaya kuwa ko gezau, ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, ya tambayi baƙi ko sun tashi lafiya. Sai da mutumin ya sauka na soka akwatin katakon. Rubutu ya fito a talabijin, da Larabci mai ladabi, wai wannan abin da aka haɗa ba shi da izini, a yi amfani da na asali. Na cire na sake sokawa. Na kashe na kunna. Na canja rami. Rubutun bai fasa fitowa ba, kuma ladabin nasa ya fi komai ba ni haushi.

Na kwashi komai na koma Sharafiyya. Mai gyara bai ce ai na gaya miki ba, kuma na gode masa da hakan. Ya ce sabuntawa ba ta komawa baya. Ya gwada abin da tun farko ya ce ba ya yiwuwa, ya buɗe yad ɗin asali ya yi ta fama da ledar nan. Ya liƙa waya, ta yi aiki kwana biyu ta saki. Ya sake, ledar ta ƙone. Ya ajiye abin dalmarsa ya ce shi dai iyakarsa ke nan.

A shagon nan na yi ta faɗa kamar shi ya yi min laifi. Na ce Mu'allim, kekena na ɗinki allurar kowace masana'anta yake ɗauka. Na'urar sanyaya ɗakinmu an canja mata kayan ciki sau nawa, ba ta taɓa rubuto min cewa ba ta san su ba. Motar da Yaya ya tuƙa, tayarta daga wata ƙasa, batirinta daga wata. Me ya sa wannan akwatin kaɗai zai ce sai abin gidansu? Mun saya, mun biya, yana cikin falonmu, amma wani da ke wata duniya shi ke da ikon cewa ga abin da za a soka masa.

"Da sun sayar wa wasu izini, ai da an huta," ya ce. "Wannan masana'anta ta yi mai araha, waccan ta yi mai jure zafi, wata ta yi na mai hannu ɗaya. Su karɓi rabonsu a kan kowane, faifansu kuma ya ƙara sayuwa. Kamfani ɗaya ba zai tuna da kowa ba, Hajiya. Amma a cikin kamfani ashirin, wani zai tuna da yayanki."

Na je har babban shagon wakilansu a wata kasuwar zamani, mai sanyi kamar firji. Wani ma'aikaci mai fara'a ya saurare ni, ya ce an yi hakan ne don kare masu saye daga jabun kaya. Na ce kare ni daga fedar kekena? Ya ce ya ji ana cewa kamfanin yana da nasa na masu lalura, amma su ba su kawo ba, kuma bai san ko yana ɗaukar feda ba. Ya ce in riƙa leƙowa. Na leƙa har masu gadin ƙofar suka gane ni.

A gida kuma Yaya ya kafa doka, kada wanda ya gaya wa aminin abin da ya faru. Na ce ai ba laifinsa ba ne, bai sani ba, in ya ji zai fahimta. Yaya ya ce shi ya sa. Mutumin da zai ji cewa alherinsa ne ya jawo wannan, ba zai ƙara iya haɗa ido da shi ba. Don haka da Juma'a ta zo aka ce masa akwatin katakon ne ya lalace, ana gyara. Juma'a ta gaba ma haka. Suka riƙa zama suna shan shayi suna kallon labarai, hirar tana mutuwa a tsakaninsu. Ina bayan labule da gaskiya a bakina, ba damar furtawa. Ban taɓa jin haushin kirkin mutane irin na lokacin ba, kowa yana kare kowa, abin kuma yana ta lalacewa.

Aminin ya gaji da jiran gyara. Wata Juma'a ya shigo da kwali a hannu, sabon yad na asali, ko ledarsa ba a cire ba. Ya zo da wasu abokansu biyu na Khumra, wai a dawo da zama yadda yake.

"Kayan haɗe-haɗen nan ba sa ƙarko," ya ce. "Ga na gaske. Yalla, ka ɗora a gwiwa, hannunka na hagu ai ya ƙware yanzu."

Kyauta ce, a gaban mutane. Yaya ya karɓa, ya yi godiya, ya ɗora a gwiwa. Na tsayar da keke na matso bakin labule.

Aka fara. Yatsun hagu suna juya ɗan wasa, in lokacin bugu ya yi sai su saki sanda su tsallaka dama, kafin su kai an ƙwace. Aminin ya ci ɗaya, ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya kalli gwiwar Yaya ya fasa. Ya ci na biyu. Yad ɗin ya zame ya faɗi, ɗaya daga cikin abokan ya ɗauko ya mayar masa a gwiwa a hankali, har da cewa sannu.

Daga inda nake ina ganin hannayen aminin. Ɗan wasan Yaya ya samu ƙwallo a tsakiyar fili yana tafe a karkace, sai na ga babban yatsan mutumin ya ɗaga daga kan sanda. Masu tsaron bayansa suka tsaya cak. Yaya ya saki sanda, ya kai yatsa dama, ya lalubi maɓallin, ba wanda ya zo kusa da shi. Ƙwallo ta shiga raga. Abokan suka tafa, aminin ya ce ma sha Allah, ka ga ai hannun yana nan.

Yaya bai kalli talabijin ba, yatsan yake kallo. Ya ɗauki yad ɗin ya ajiye a kan kwalinsa, ya daidaita shi. Ya yi wa amininsa godiya da cikakkun kalmomi, irin wadda ake yi wa baƙon da ya zo dubiya, ya ce Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Sannan ya juyo wajen labule, a gabansu duka, ya ɗago hannunsa na hagu.

"Ƙanwata," ya ce, "zo ki kama ni, ki kai ni ɗaki."